SULEJA: Wa Zai Haɗa 'Yan Agaji Da Ƙaramar Hukuma Kafin Ruwa Ya Sauko?

A daren Asabar, 8 ga watan Yuli, 2017, wayewar garin Lahadi, aka yi wani ruwan sama a Suleja wanda har yau mutanen garin ba su manta da shi ba. Ruwan ya tsinke ne wajen tsakar dare, sa'ad da kowa ya rufe ƙofa ya kwanta, ya kuma ɗauki sa'o'i yana zuba ba ƙaƙƙautawa. Kafin gari ya waye kogin Iku da ƙoramun da ke zuba a cikinsa sun cika sun batse, sun bi ta unguwannin Checheniya da Kuspa da Kantoma da Unguwar Gwari, har da Hayin Nasarawa a ƙaramar hukumar Tafa. Fiye da mutum 10 suka rasu, 8 daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne. Shugaban ƙaramar hukumar Suleja na lokacin, Alhaji Abdullahi Maje, ya shaida wa manema labarai cewa gidajen da ruwan ya shafa sun haura 100.

Jami'an Hukumar Ba Da Agajin Gaggawa ta Ƙasa, watau NEMA, da takwarorinsu na Jihar Neja sun zo, sun kuma yi abin da za su iya. Amma mai karatu ya tuna cewa tsakanin Minna da Suleja akwai tafiyar wajen kilomita 100, ruwa kuwa ba ya jiran mota. Duk wanda aka jawo daga cikin ɗaki a wannan dare, ko aka miƙa wa sanda ya kama, to maƙwabcinsa ne ya yi masa wannan, da tocila a hannu. Haka abin ya ke a kowane bala'i da ya faɗa wa wannan gari: mutanen unguwa da 'yan agaji su ne farkon zuwa, su ne kuma na ƙarshen tashi. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da hukumar da ta fi kusa da su, a kuma yi haɗin tun rani, don kada aikin nasu ya zama kullum ihu bayan hari.

GARIN DA YA BA DA SUNANSA

Ba za a gane matsalar Suleja ba sai an waiwayi yadda garin ya cika. Wannan gari shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, ɗan'uwan Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa a bakin kogin Iku a 1828, bayan da jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zariya. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa dokar sabon babban birnin tarayya ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, sai masarautar ta ba da ƙasa mai yawa, ta kuma ba da sunanta, aka raɗa wa tsohon garin Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka fara sauka. Leburori da magina da direbobi da 'yan tireda suka biyo su. Da gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga watan Disamba, 1991, sai ƙananan ma'aikatan da kuɗin hayar birnin ya fi ƙarfinsu suka daɗa tururuwa zuwa Suleja da Madalla da Gauraka. Rusau ɗin da aka yi ta yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ya ƙaro waɗansu dubbai. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Suleja mutum fiye da 200,000, kuma duk wanda ya ga cunkoson motoci a Madalla da asuba ya san an daɗe da wuce wannan adadi.

To, gari ne da duwatsu suka kewaye shi, filin gini mai kyau ya daɗe da ƙarewa a cikinsa. Baƙon da ya zo da 'yan kuɗinsa sai ya sayi inda ya fi araha, inda ya fi araha kuwa shi ne gindin dutse da bakin rafi da kwarin da iyaye suka bari domin ruwa ya wuce. Ruwan da ke sauka a wannan yanki ya kusa ninka abin da Katsina ke samu a shekara. In ya sauka bisa dutse da rufin kwano da daɓen siminti ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi, sai ya gangaro gaba ɗaya, ya tarad da lambatu cike da leda da yashi, ya tarad da kwalbatin da aka gina tun garin bai kai rabin haka ba. Daga nan sai ya nemi tsohuwar hanyarsa, ko da ta tsakar gidan wani ta bi.

Wannan ne ya bambanta ambaliyar Suleja da wadda aka saba ji a sauran sassan Jihar Neja. Mutanen da ke zaune a bakin kogin Kwara da na Kaduna, ƙasa da madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, sau da yawa a kan yi musu gargaɗin kwanaki kafin a buɗe ƙofofin ruwa. Mutumin Rafin Sanyi ba shi da waɗannan kwanaki. Abin da ke tsakanin tsinkewar ruwa da shigarsa ɗaki bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, kuma galibi cikin dare ne. A ƙarshen watan Yuli na 2020 abin ya sake faruwa, aka kuma rasa rayuka a Suleja da Gwagwalada a rana guda. A daren 24 ga watan Afrilu, 2024, ruwan farkon damina ya ka da katangar tsohon gidan yarin Suleja, wanda tun zamanin Turawa aka gina shi, fursunoni 118 suka fice. In har ginin Gwamnatin Tarayya bai tsira ba, mai karatu ya kwatanta halin ɗakin jar ƙasa na talaka. Ambaliyar Mokwa ta 29 ga watan Mayu, 2025, wadda gawarwakin da aka tattara a kwanakin farko kaɗai suka haura 150, ita ma ruwan dare ɗaya ne ya kawo ta.

SU WANE NE MASU AIKIN SA KAI?

In hannaye a ke nema, Suleja ba ta rasa su ba. Kamar kowane babban gari a Arewa, akwai 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Fityanul Islam, da na ƙungiyar Izala, kowanne da kakinsa da kwamandansa da ranar faretinsa. A coci-coci akwai matasan Boys' Brigade da takwarorinsu mata. Akwai 'yan sikawut, akwai 'yan sintiri na unguwanni, akwai ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaba da masu Keke Napep, waɗanda ko da ba a lissafa su cikin masu agaji ba, su ne motar asibitin talaka in haɗari ya auku. Akwai kuma ƙungiyar Red Cross ta Nijeriya, wadda dokar 1960 ta kafa ta a matsayin mataimakiyar hukuma wajen ayyukan jin ƙai, da kuma 'yan sa kai na hukumar kiyaye haɗurra a kan hanya, wadda aka kafa a 1988.

Mutanen garin sun ga amfanin waɗannan bayin Allah a shekarar 2011, shekarar da ba wanda ke son tunawa da ita. Bam ya tashi a wurin taron siyasa cikin watan Maris, wani ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ran 8 ga watan Afrilu, jajibirin zaɓen 'yan majalisar tarayya, ya hallaka mutane har da matasa masu yi wa ƙasa hidima. Ran Kirsimati kuma aka kai hari cocin Saint Theresa a Madalla, inda wajen mutum 40 suka rasu. A ƙarshen wannan wata Shugaba Goodluck Jonathan ya sa Suleja cikin ƙananan hukumomi 15 da ya kafa wa dokar ta-ɓaci. Daga wannan lokaci ne tsayuwar 'yan agaji a ƙofar masallatan Juma'a da coci-coci, suna binciken masu shiga, ta zama abin yau da kullum a garuruwan Arewa. Ba albashi, ba inshora, kuma kowa ya san in abin ya zo su ne a sahun gaba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma faɗinta ba raini ba ne. Horon da yawancin 'yan agaji suka samu na tsara sahu ne a filin idi, da kula da taron wa'azi, da taimakon alhazai a sansani, da jinyar marasa galihu a asibiti, da ɗaure rauni. Waɗannan duk ayyuka ne masu daraja. Amma ceto mutum daga ruwa mai gudu wani ilmi ne daban, haka nan sanin nisan da ya kamata a tsaya daga tankar mai da ta kife. Jarumin da ya faɗa ruwa ba igiya a ƙugunsa, sau da yawa gawa biyu a ke nema maimakon ɗaya. Bugu da ƙari kowace ƙungiya ga shugabanninta ta ke kallo, ba wadda ke karɓar umurni daga wata. A ranar bala'i sai ka ga kaki iri biyar a wuri guda, kowa na ƙoƙari, amma ba mai cewa wane ka tsaya nan, wane ka tafi can.

ABIN DA TAKARDA TA CE

A kan takarda dai an daɗe da tanadin wanda zai yi wannan tsari. Bayan farin da ya addabi Arewa a farkon shekarun 1970, gwamnatin soja ta kafa hukumar ba da agaji ta ƙasa a 1976, aikinta kuwa rabon kaya ne bayan ɓarna ta auku. A 1999 aka maye gurbinta da NEMA, aka faɗaɗa aikin ya haɗa da shiri da rigakafi. Mataimakin Shugaban Ƙasa ke jagorantar majalisar hukumar, dokar kuma ta ce kowace jiha ta kafa kwamitinta a ƙarƙashin mataimakin gwamna. A nan dokar ta tsaya. Sai a cikin babban tsarin kula da bala'o'i na ƙasa na 2010 aka fayyace mataki na uku, watau kwamitin agajin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma, wanda zai haɗa ma'aikatan hukumar da jami'an tsaro da sarakuna da ƙungiyoyin sa kai. Shugabannin NEMA, ɗaya bayan ɗaya, ba damina da za ta zo ba su roƙi gwamnoni su kafa waɗannan kwamitoci su kuma ba su kuɗin aiki ba. Maimaita roƙon kowace shekara shi kansa ya isa shaida.

Hukumar ta kuma taɓa fito da shirin horad da 'yan sa kai 200 a kowace ƙaramar hukuma. In aka lissafa da ƙananan hukumomi 774, rundunar mutum 154,800 ke nan, ga kuma ƙungiyar agajin gaggawa da ta kafa a tsakanin masu yi wa ƙasa hidima. Shiri ne mai kyau ƙwarai. Aibinsa shi ne wanda ya saba kashe irinsa: a tara matasa kwana biyu ko uku a ɗakin taro, a raba riga da hula da takardar shaida, a ɗauki hoto, a watse. Ɗan hidimar ƙasa kuwa shekara ɗaya ya ke yi ya koma garinsu da abin da ya koya. In babu wani ofishi a sakatariyar ƙaramar hukuma da ke riƙe da sunayen waɗanda aka horar, yana kiransu atisaye lokaci lokaci, to bayan shekara biyu sai a sake daga farko.

Akwai wani abin da shugabannin ƙananan hukumomi ba su cika son a tuna musu ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu gina magudanan ruwa da kula da su, da kwashe shara, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu. Watau rabin rigakafin ambaliya a gari irin Suleja aikinsu ne na doka, tun kafin a ambaci NEMA. Dattawa suna tuna zamanin En'e, sa'ad da duba-gari ke shiga gida gida yana leƙa randa da kwata, mai unguwa na biye da shi, wanda aka samu da laifi kuwa ya gurfana gaban alƙali. Waɗanda ba su kai wannan shekaru ba sun ga tsabtar gari ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali daga yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985. Amsar da ciyamomi kan bayar ita ce ba kuɗi, domin rabonsu na shiga asusun haɗin gwiwa da jiha ne. Ran 11 ga watan Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ko da ya ke aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa a watannin da suka biyo baya. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya. Amma igiya da usur da fatanya da baro ba su ne ke cinye kasafin kuɗi ba, kiran taro kuwa ko kwabo ba ya ci.

DARASIN MARARRABAR DIKKO

Ba ruwa kaɗai ke barazana ga wannan yanki ba. A Maje, bakin garin Suleja, a ke da babbar ma'ajiyar mai ta NNPC wadda aka gina don ta riƙa ciyar da Abuja da kewayenta, ga kuma babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna da ta Minna da suka haɗu a Dikko. Tankokin mai dare da rana su ke bi ta tsakiyar jama'a.

Da safiyar Asabar, 18 ga watan Janairu, 2025, wata tanka ɗauke da lita 60,000 na fetur ta kife a mararrabar Dikko, cikin ƙaramar hukumar Gurara. Mai ya malala, jama'a suka yo ca da bokitai da jarkoki. Rahotannin hukuma sun ce ana ƙoƙarin juye man zuwa wata tanka ne da janareta sa'ad da wuta ta tashi. Ta cinye masu ɗiba da 'yan kallo da shagunan da ke gefen hanya. Cikin 'yan kwanaki hukumar agaji ta Jihar Neja ta ce waɗanda suka rasu sun kai 98. Yawancinsu a kabari ɗaya aka rufe su, domin ba a iya shaida su. Waɗanda suka ƙone aka cika asibitocin Suleja da Sabon Wuse da su, aka wuce da waɗansu gaba. Abin takaici, wata uku kacal kafin wannan irin haka ta faru a Majiya ta Jihar Jigawa, inda mutum fiye da 150 suka hallaka, kuma ba gidan rediyon da bai ba da labarin ba.

Mutane da yawa sun yi ta zagin mamatan da kwaɗayi. Zagin ba ya ta da matacce, ba ya kuma hana na gaba. Kafin a janye tallafin mai ran 29 ga watan Mayu, 2023, litar fetur ba ta kai Naira 200 ba. A lokacin gobarar Dikko tana wajen Naira 1,000. Jarka ɗaya mai lita 25 ta fi kashi ɗaya bisa uku na mafi ƙanƙantar albashi na Naira 70,000. Wanda ya kwana bai ci ba, ya ga wannan dukiya tana bin kwata, wa'azin rediyo ba zai tsayad da shi ba. Abin da zai iya tsayad da shi shi ne mutum a gabansa.

A nan ne maganar 'yan sa kai ta ke da nauyi. Tsakanin faɗuwar mota da tashin wuta akwai tazara, tazarar da ta isa mutane su koma gida su ɗauko jarka. A cikin wannan tazara 'yan sanda biyu ko uku ba za su iya da taron ɗaruruwa ba, 'yan kwana-kwana kuwa suna nesa. Amma mutum 30 ko 40 'yan garin, cikin kakin da aka sani, waɗanda aka koya musu tun da wuri cewa su ja igiya nesa da motar, su hana kunna babur da janareta da sigari, su tare hanya daga ɓangarorin biyu, ga mai unguwa da liman da shugaban 'yan tasha a bayansu, waɗannan suna iya rage taron ko da ba su kore shi duka ba. Saurayin da zai ture ɗan sanda baƙo zai ji nauyin ture wan abokinsa. Gwamnatin Tarayya ta hana tankoki masu lita 60,000 hawa hanya daga 1 ga watan Maris, 2025, Shugaba Bola Tinubu kuma ya umurci hukumar wayar da kan jama'a ta shiga gangami. Duk da haka cikin watan Oktoba na wannan shekara wata tanka ta sake kifewa a ƙaramar hukumar Katcha, kan hanyar Bida zuwa Agaie, aka sake ɗiba, aka sake rasa mutane da dama. Doka daga Abuja ta ke fitowa, amma mota a bakin wani ƙauye ta ke faɗuwa.

YADDA WAƊANSU SUKA YI

Ƙasar Bangaladash ba ta fi Nijeriya arziki ba sa'ad da ta fara nata shirin. Guguwar teku ta watan Nuwamba, 1970, ta kashe mata aƙalla mutum 300,000. A 1972 aka kafa shirin 'yan sa kai na gargaɗin guguwa, wanda gwamnati da ƙungiyar Red Crescent ta ƙasar su ke gudanarwa tare. Tsarin ba wani abin mamaki ba ne: a kowane ƙauye akwai ƙaramin rukuni na maza da mata, kowa da aikinsa, wani gargaɗi, wani kai mutane mafaka, wani ceto, wani taimakon farko. Kayan aikinsu lasifikar hannu ce da tuta da rediyo da keke. Gwamnati ke biyan ƴan ma'aikatan da ke riƙe da ofis da kuɗin horo, 'yan sa kan kuwa, waɗanda yawansu ya haura 70,000, ba a biyansu albashi. Guguwar 1991 ta kashe wajen mutum 138,000, ta 2007 ba ta kai 5,000 ba, a ta 2020 kuwa an kwashe mutum fiye da miliyan 2 zuwa mafaka, waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba. Gine-ginen mafaka da ingancin hasashen yanayi sun taimaka, amma hasashen ba ya amfani sai an sami wanda zai buga ƙofa ya ce a fito. A ƙasar Jafan ma, mai kuɗi da na'urori, binciken da aka yi bayan girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ya nuna yawancin waɗanda aka zaƙulo da rai daga ƙarƙashin gini, 'yan'uwa da maƙwabta ne suka zaƙulo su.

Mu ma nan gida muna da misali. Rundunar tsaron farin kaya ta Sibil Difens ta fara ne a Ikko a 1967 a matsayin 'yan sa kai masu koya wa jama'a yadda za su kare kansu daga bam lokacin yaƙin basasa, sai a 2003 doka ta mai da ita hukumar gwamnati.

TSAKANIN JANAIRU DA AFRILU

Kowace shekara hukumar hasashen yanayi ta NiMet da hukumar kula da koguna ta NIHSA su kan fitar da hasashen damina da jerin wuraren da ambaliya za ta iya shafa, tun kafin ruwan farko. A Abuja a ke karanta shi, da Turanci. Tafiyar da wannan takarda ke bukata ba ta fi ta sa'a ɗaya ba zuwa sakatariyar Suleja, daga can zuwa zauren masu unguwannin Bagama da Magajiya da Hashimi da Kurmin Sarki da Wambai da Maje, daga nan kuma zuwa lasifikar masallaci da mumbarin coci, cikin Hausa da Gwari da sauran harsunan da a ke ji a garin. Wannan tafiya ita ce aikin kwamitin ƙaramar hukuma, ƙafafun da zai yi ta da su kuwa su ne 'yan agaji.

Sauran aikin sananne ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa, domin gayya ce. Hukuma ta kawo tifa da shebur da baro cikin watan Maris, matasa su yashe lambatu, a kuma kwashe abin da aka yaso a ranar, kada a tara shi a bakin kwata ruwan farko ya mai da shi inda ya fito, kamar yadda a ke gani a garuruwa da yawa. A shafa fenti a ƙafar kowace gada a kan Iku da manyan ƙoramu, a sa waɗanda gidajensu ke kusa su riƙa dubawa in hadari ya haɗu da dare, da usur a wuyansu da lambar wayar 'yan'uwansu na unguwar da ke ƙasa. Kowane gida a bakin rafi ya san makarantar da zai nufa, a kuma san wanda mabuɗinta ke hannunsa da ƙarfe biyun dare. A san gidan da ke da tsohuwa ko gurgu ko mai jego. Wannan ƙidaya ta ƙarshe mata ne za su iya yinta, domin su ke shiga gidajen da namiji ba ya shiga, su ne kuma ke gida da yara sa'ad da maza ke Abuja wajen nema. Kwamitin da babu mata a cikinsa rabin gari kaɗai ya sani.

Akwai ramuka a kan wannan hanya, kuma gara a faɗe su. Na farko siyasa. Da zarar an ji hukuma za ta rubuta sunayen 'yan sa kai, an kuma ji ƙishin-ƙishin ɗin alawus, sai jerin ya cika da yaran kansila, waɗanda suka shekara goma suna ɗaukar gawa a asibiti kyauta kuwa a bar su a waje. In aka sake zaɓe sai a sake jeri. Maganin wannan shi ne a bar ƙungiyoyin da ke akwai su kawo mutanensu da kansu, hukuma ta tsaya ga horo da kayan aiki da katin shaida, da alkawari a rubuce cewa wanda ya ji rauni a bakin aiki za a yi masa magani. Rabon kayan agaji ma wani rami ne, domin ba abin da ke zubar da mutuncin ɗan agaji a unguwa kamar a gan shi yana sauke buhunan shinkafa da daga baya ba a san inda suka shiga ba.

Akwai kuma abin da ba ɗan agajin da zai iya. Gidan da aka gina a tsakiyar hanyar ruwa, ko an yashe lambatu sau goma yana nan a hanyar ruwa. Bayan kowace ambaliya a kan ji jami'ai sun ce za a rushe irin waɗannan gidaje, ruwa na ɗaukewa maganar ta bi shi. Mai gidan kuwa yana da tasa hujja, domin da kuɗinsa ya sayi filin, wani ya sa hannu a takardar, wani ya ga ana gini ya kau da kai. Tashinsa sai da wani filin da abin da zai kafa ɗaki, wannan kuwa nauyin gwamnatin jiha ne da hukumar tsara birane, da asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981 wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a ciki.

Sa'an nan ga maganar iyaka. Dikko tana Gurara, Hayin Nasarawa da Gauraka suna Tafa, Madalla tana Suleja amma taku kaɗan ne tsakaninta da Zuba ta babban birnin tarayya. Ruwan da ya sauka a wata ƙaramar hukuma a wata ya ke kisa, wanda ya ƙone a Gurara kuwa a asibitin Suleja a ke kwantar da shi. Kwamiti uku da ba su san juna ba ba za su wadatar ba. Sa'ar da aka yi ita ce ƙananan hukumomin nan uku, Suleja da Tafa da Gurara, duk a ƙarƙashin masarauta ɗaya su ke, hakimansu da dagatansu a fada ɗaya su ke haɗuwa. Sarkin Zazzau Suleja, Alhaji Muhammadu Awwal Ibrahim, ya yi gwamnan Jihar Neja daga 1979 zuwa 1983, saboda haka fadar ta san yadda a ke buga ƙofar Minna. In ciyamomin uku da kwamandojin 'yan agaji na masallatai da coci-coci da Red Cross da shugabannin direbobin tanka za su zauna a wannan zaure sau ɗaya cikin watan Fabrairu, su sake zama cikin Yuni kafin ruwa ya kankama, to kowa zai fita da lambar wayar ɗan'uwansa da sanin gadar da aka ba shi tsaro.